Tsakanin Littafi da Fo

Wata ƙanwata da ke aiki a Abuja ta zo Kano hutu da ɗanta mai shekara biyu da rabi, wanda har lokacin yana cikin famfas dare da rana. A jakar kayansa akwai wani ɗan littafin Turanci mai kaurin shafuka, daga farko har ƙarshe hotunan wani yaro ne da fo ɗinsa. Mahaifiyarmu ta ɗauka, ta juya shi gaba da baya, sannan ta dubi 'yarta ta ce, "Ke yanzu kashin ma sai an karanta wa yaro a littafi? Ku tara na haifa, wa na karanta wa?"

Ƙanwata ta ce, "Hajiya, makarantar da zan sa shi sun ce ba sa karɓar yaron da bai daina famfas ba. Ni kuma ƙarfe bakwai nake fita, sai magariba nake dawowa."

Na daɗe ina juya maganar nan tasu, domin babu wadda ta faɗi ƙarya a cikinsu. Littattafan koyon fo sun cika kasuwa a Amurka da Turai da Japan, sun kuma fara shigowa gidajenmu ta hannun matafiya da masu sayayya ta intanet. Kafin mu rungume su ko mu watsar da su, ya kamata mu san matsalar da ta haife su, abin da za su iya, da inda ƙarfinsu ya tsaya.

Yadda Hajiya ta rene mu, duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san shi. Uwa za ta zauna a kujera 'yar tsuguno ko a tabarma, ta miƙe ƙafafu ta ɗan ware su, ta zaunar da jariri a kansu yana fuskantar ta, ta riƙe hannuwansa tana yi masa "tsss". Takan yi haka da zarar ya farka daga barci, ko bayan ya sha nono, saboda a waɗannan lokutan ne cikin jariri kan motsa. In kuwa yana goye, mutsu-mutsunsa kaɗai ya isa ta gane, ta sauke shi tun bai jiƙa mata zani ba.

Ba mu kaɗai muke da wannan dabara ba. A 1977 Marten deVries da Rachel deVries sun wallafa abin da suka gani a wurin Digo, mutanen gaɓar tekun Kenya, a mujallar likitocin yara ta Amurka mai suna Pediatrics. Iyaye mata a can suna farawa tun jariri yana da 'yan makonni, suna ɗora shi a ƙafa da irin sautin nan namu, kuma zuwa wata biyar ko shida da wuya ya ɓata jikinsa. A Biyetnam, wani bincike da aka buga a 2013 ya bi iyaye mata da ke yi wa jarirai fito a lokacin fitsari. Zuwa wata tara yaran suna yi a fo idan an tuna musu, zuwa shekara biyu kuma kusan sun tsaya da ƙafarsu. A ƙasar Sin an daɗe ana ɗinka wa yara wando mai tsaga a tsakiya domin yaro ya tsuguna ba sai an tuɓe shi ba.

A irin wannan reno jariri ba shawara yake yankewa ba. Idon uwa ne ke aiki, jikin jariri kuma yana sabawa da sauti da irin zaman. Sharaɗinsa ɗaya ne, amma mai tsada: dole a sami wani kusa da yaro a kowane lokaci, uwa ko kaka ko yaya ko 'yar reno. Littafi ba shi da gurbi a nan. Judy DeLoache, masaniyar tunanin yara a Amurka, ta nuna cewa jariri ɗan wata tara idan aka ba shi hoto yakan yi ƙoƙarin ciro abin da ke ciki da yatsunsa, don bai gane cewa hoto ba abin ba ne. Sai ya haura shekara ɗaya da rabi yake koma nuna hoton da yatsa yana neman sunansa. Kafin wannan lokaci kuwa, ɗan gidan yawa ya riga ya fara tafiya a tsakar gida, sau da yawa ba wando, yana ganin yayyensa suna tsugunawa, yana ganin ana ɗauko buta. Gani ya kori ji.

To, me ya canja a ƙasashen da littafin ya fito?

Abubuwa uku suka haɗu a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Na farko injin wanki ya shiga gidaje, wankin nafkin ya daina zama azabar da ke sa uwa gaggawa. Na biyu, a 1961 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers, wanda sunansa ya zama famfas a bakinmu. Da aka ci gaba da inganta shi, sai ya zama yaro zai yi fitsari bai ji jiƙa ba, wato an raba shi da babban malaminsa, wanda shi ne jin damshi a jiki. Na uku, a 1962 wani likitan yara, T. Berry Brazelton, ya wallafa abin da ya gani a yara 1,170 da ya duba cikin shekara goma. Ya ce a daina tilasta wa yaro, a jira sai jikinsa da hankalinsa sun shirya, a fara saba masa da fo wajen wata 18, a bi shi mataki-mataki ba tsawa. Yaran da ya bi sun daina ɓata wando da rana wajen wata 28 a matsakaici.

Shawararsa ta yi tasiri sosai, kuma ta zo ne bayan zamanin da ake matsa wa jarirai da agogo da horo, don haka jama'a suka karɓe ta da murna. Ba a rasa masu ja da shi ba. A 1974 Nathan Azrin da Richard Foxx suka fitar da littafin da ya yi wa iyaye alƙawarin gama aikin cikin ƙasa da yini guda, ta hanyar shayar da yaro ruwa da yawa, maimaici da lada. Daga baya kuma, da Brazelton ya fito a tallar babban famfas a ƙarshen shekarun 1990, wasu sun ce shawarar jira ta fi amfanar masu sayar da famfas. Ko ma dai mene ne, shekarun daina famfas a Amurka suka yi ta matsawa gaba, har ya zama ganin ɗan shekara uku a cikinsa ba abin mamaki ba ne.

Nan ne asalin littafin yake. Ɗan shekara biyu da rabi ba jariri ba ne da za a ɗora a ƙafa. Yana magana, yana da ra'ayi, kalmar da ya fi so kuma ita ce "a'a". Ya shekara biyu yana yin abinsa a tsaye cikin famfas, yanzu rana ɗaya an ce ya zauna a kan wani abu. Ga shi a gidan da babu yara da yawa, banɗaki kuma yana da ƙofa da sakata, mai yiwuwa bai taɓa ganin yadda wani yake yi ba. Irin wannan yaron sai an shawo kansa, sai an nuna masa. Littafin hoto ya zo ne ya tsaya a madadin yayyen da babu su a tsakar gida.

Biyu daga cikin waɗanda suka fi shahara ba a Amurka aka rubuta su ba. A 1975 wata mai zane a Isra'ila, Alona Frankel, ta yi wa ɗanta littafi da Ibrananci mai suna Sir HaSirim, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1980 da sunan Once Upon a Potty, daga baya aka yi na 'ya mace. Uwa ce ke ba da labarin. Tana nuna sassan jikin yaron da aikin kowanne, sannan kakarsa ta kawo masa kyautar wani abu da bai san mene ne ba, ana ta hasashen ko na sawa a ka ne ko na dasa fure. Abin da ya fi burge ni a littafin shi ne bai ɓoye kuskure ba. Yaron yakan yi a ƙasa dab da fo, ya ci gaba da ɓata nafkin, ya zauna ya daɗe babu abin da ya fito, kuma babu wanda ya daka masa tsawa.

Bayan shekara biyu, a 1977, Taro Gomi na Japan ya fitar da Minna Unchi, wato kowa yana kashi, wanda ya isa masu karanta Turanci a 1993 da sunan Everyone Poops. Wannan ba shi da labari ma. Dabbobi ne jere, giwa da ɓera da raƙumi da kifi da maciji, kowa da nasa, kowa da yadda yake yi, sai a zo kan mutane: babba a masai, yaro a fo, jariri a nafkin. Bai koya wa yaro yadda ake cire wando ba. Aikinsa shi ne ya cire wa abin nauyi, yaro ya ga cewa wannan da ke fita daga jikinsa ba laifi ba ne, ba kuma shi kaɗai ba ne. Jamusawa ma suna da nasu na 1989, na Werner Holzwarth da Wolf Erlbruch, labarin wata 'yar dabba mai zama a rami da wani ya yi wa kashi a ka, ta bi dabbobi ɗaya bayan ɗaya tana neman mai laifi. Wannan na raha ne zalla, kuma yara suna son sa saboda sun san an taɓo abin da manya ba sa son a ambata.

Ke nan littattafan iri biyu ne: mai nuna mataki, da mai kawar da kunya da tsoro. Yawancin waɗanda suka biyo baya kwaikwayon ɗaya daga cikinsu ne, an ƙara musu sitika ko maɓallin da ke ƙarar korar ruwa.

Shin yaro yana ɗaukar abin da ya gani a shafi ya aikata? Eh, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan su ne suka fi muhimmanci a gare mu. A 2006 Gabrielle Simcock da DeLoache suka karanta wa yara 'yan wata 18 da 24 da 30 wani littafi da ke nuna yadda ake haɗa kacau-kacau da abubuwa uku, sannan suka ba su kayan. Yaran sun kwaikwayi abin da suka gani, sai dai ƙananan cikinsu sun fi iyawa idan hoton na kyamara ne, na gaske. Zane sai waɗanda suka ɗan tasa. Wani binciken na 2010 da DeLoache take ciki ya gano cewa littattafai masu abin ja da abin ɗagawa da hoton da ke tasowa suna rage abin da yaro ke koya, don hankalinsa yana tafiya ga wasan. A Jami'ar Toronto kuma, Patricia Ganea da abokan aikinta sun karanta wa yara 'yan shekara huɗu zuwa shida labarin kyauta, wasu da mutane a ciki, wasu da dabbobi sanye da tufafi. Waɗanda suka ji na mutane su ne kyautarsu ta ƙaru.

Ba a kan fo aka yi waɗannan gwaje-gwaje ba, amma duk sun nufi wuri guda. Gwargwadon yadda abin da ke shafi ya yi kama da abin da ke gaban yaro, gwargwadon yadda zai amfana. Yaro mai kama da shi ya fi zomo mai riga. Fo irin nasa ya fi wani abu mai siffar mota. Maimaici ma yana taimakawa, shi ya sa idan yaro ya nace a sake karanta masa littafi ɗaya sau goma, ba rigima ba ce, karatu yake yi.

Akwai wani amfani da nake ganin ya fi waɗannan duka, kuma ba a kan yaro yake ba, a kan bakin babba yake. Likitocin yara sun san wata matsala da kan sami kamar yaro ɗaya cikin biyar a Amurka: zai yi fitsari a fo lafiya lau, amma kashi sai ya ƙi, ya riƙe shi, ko ya laɓe a lungu ya yi a wando. A 2003 Bruce Taubman da Nathan Blum da Nicole Nemeth, likitoci a yankin Filadelfiya, suka gwada wani abu mai sauƙi. Suka ce wa wasu iyaye su daina kiran kashin yaro da munanan kalmomi, su kuma yaba masa idan ya yi, ko da a famfas ne. Hakan bai hana matsalar aukuwa ba, amma ya rage tsawon lokacin da take ɗauka. Sai mu tuna yadda muke yi: "Tir, ƙazami!" "Kai, wari!" tare da yamutsa fuska da toshe hanci. Yaro ɗan shekara biyu ba ya bambanta tsakanin ƙyamar kashinsa da ƙyamarsa shi. Uwar da ta zauna ta karanta irin littafin Gomi sau ashirin cikin fara'a, ta furta kalmar sau ɗari ba tare da ta ɓata fuska ba. Ita ma littafin ya yi mata horo. Yaron kuma ya sami kalmar da zai faɗa kafin abin ya zo, tutu ne ko kashi ko fitsari, domin wanda ba shi da sunan abu ba zai nemi a kai shi ba.

Inda littafi bai isa ba ma yana da faɗi. Ba ya gaggauta girman jiki. Idan yaro bai kai ya yi kamar awa biyu a bushe ba, bai iya jan wandonsa ƙasa ba, bai kuma nuna alamar ya san abin yana zuwa ba, ko shafi dubu aka karanta masa ba zai canja mafitsararsa ba. Likitocin nan na Filadelfiya sun ga cewa, a yaran da suka tashi cikin famfas, matsa lamba kafin wata 27 ba ta da wata riba, sai dai ta tsawaita aikin. Littafi ba ya maganin taurin kashi. Yaron da ya taɓa jin zafi wajen yi zai riƙe, riƙewar ta ƙara busar da shi, zafin ya ƙaru. Wannan yana bukatar ruwa da kayan lambu da 'ya'yan itace, in ya ƙi a je asibiti. Yaron da ya iya kuma sai ya koma baya saboda an yi masa ƙani, ko an yaye shi an kai shi gidan kaka, kulawa yake nema.

Fitsarin kwance kuwa maganarsa daban ce gaba ɗaya, kuma a nan ina da ƙorafi a kan al'adarmu. Kimanin yara 15 cikin 100 'yan shekara biyar suna yin sa, galibi gado ne, kuma yawancinsu suna dainawa da kansu. Likitoci ba sa ma ɗaukar sa matsala kafin shekara biyar. Yaro yana barci abin yake faruwa, babu ganganci a ciki. Amma mu sai a ɗora masa tabarmar da ya jiƙa, a ɗaura masa kwaɗo, yaran unguwa su bi shi suna kiran sa amalala. Daga cikin waɗanda ake yi wa wannan tozarci akwai masu sikila, waɗanda ƙodarsu ba ta iya rage ruwan fitsari yadda ya kamata, don haka suke yin sa da yawa cikin dare. Wannan zalunci ne ga marar lafiya, ko da ba da niyya aka yi ba.

Yanzu mu dawo ga littafin da ke jakar ɗan ƙanwata. Rayuwar da ta haifi irinsa ta iso biranenmu: famfas, uwa mai fita aiki, gidan haya mai mutum uku, makarantar reno mai sharaɗi. Don haka ban ga aibin uwar da ta nemi taimakonsa ba. Matsalar ita ce abin da ke cikin shafukan. Yaron littafin yana zaune a farin masai na zama, yana jan takardar tishu, yana danna abin korar ruwa, kare yana kallon sa daga bakin ƙofa. Babu buta. Babu tsuguno. Babu maganar hannun hagu. Ɗanmu zai rufe littafin ya shiga bayi ya tarar da wata duniya daban, kuma mun riga mun ga cewa ƙaramin yaro ba ya iya tsallake irin wannan tazarar.

Tsoronsa ma daban ne. Ɗan Amurka yana tsoron ƙarar ruwan da ke tafiya da kashinsa. Ɗanmu, a yawancin gidaje, bakin shadda yake tsoro: rami mai duhu, kyankyasai, ga labarin aljanu da yayyensa suka cika masa kunne da shi. Tsoron nan yana da hujja, domin masai mai faɗin baki ko mai ruɓaɓɓen daɓe haɗari ne ga ƙaramin yaro, kuma bai kamata a tura shi shi kaɗai ba. Littafin da zai yi mana amfani sai ya nuna fo a tsakar gida ko a ƙofar bayi, babba yana tsaye kusa, sannan ya nuna yaron ya ɗan girma yana tsuguno an riƙe masa hannu.

Wasu za su ce wannan magana ba ta dace da kunyarmu ba. Ina girmama kunya, kuma ba na goyon bayan a zana tsiraicin yaro. Mai zane da ya iya aikinsa zai nuna komai da 'yar riga mai tsawo. Amma ita maganar kanta ba baƙuwa ba ce a karatunmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san cewa hukuncin tsarki yana cikin abubuwan da ake fara koya, kuma malam ba ya kauce wa sunan fitsari ko bayan gida. Muna da ladubban shiga bayi cikakku: a shiga da ƙafar hagu, a fito da ta dama, a yi tsarki da ruwa da hannun hagu, a yi addu'ar shiga da ta fita. Waɗannan matakai ne masu tsari da hoto zai iya ɗauka, sun ma fi na littafin Turawa yawa. Abin lura kawai shi ne, littafin da aka rubuta addu'a a cikinsa ba a shiga bayi da shi. A ɗaki za a karanta shi, a cinya, lokacin da babu wanda ke gaggawa. Wannan ma ya fi, domin zaunar da yaro a fo rabin awa ana karanta masa yana mayar da fo kujerar hira. Minti uku zuwa biyar bayan cin abinci ya isa, in bai yi ba a tashe shi ba faɗa.

Kunyar ma ta tanadar mana mai karatu. Uwa tana iya jin nauyin irin wannan hira, musamman da ɗan fari, amma tsakanin kaka da jika akwai wasa, babu abin da ba a faɗa.

Shafin da na fi so in gani a littafinmu shi ne wanda littattafan waje ba su damu da shi ba, saboda su ruwa ke tafiya da komai: ina ake kai abin da ke cikin fo? Da yawanmu mun ɗauka kashin yaro ba shi da illa, sai a watsa shi a kwata ko a bola, ko a bar shi a tsakar gida kaji su tona. Alhali yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa da ƙwan tsutsar ciki, kuma shi ne ya fi kusa da inda yara ke rarrafe. Ƙididdigar gwamnati ta 2021 ta nuna kimanin mutum miliyan 48 a Nijeriya suna bayan gida a fili. A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin kawar da wannan, a 2022 kuma Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da shi. Ana gina masai, ana wa'azi ga manya, amma ɗabi'ar tun daga shekara biyu take kafuwa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hoton uwa tana juye fo a masai, ta wanke shi, sannan ita da yaron su wanke hannu da sabulu, darasi ne ga mutum biyu a lokaci ɗaya. Wanke hannun da sabulu bayan tsarki shi ne matakin da aka fi tsallakewa a gidajenmu.

Littattafan Hausa na yara da aka fi zuba wa kuɗi a shekarun nan, irin su Mu Karanta! da aka yi amfani da shi a Bauci da Sakkwato, na 'yan firamare ne masu koyon haruffa. Ɗan shekara biyu, wanda ba harafi yake bukata ba sai hoto da muryar babba, shi ne aka bari a baya. Ga marubutanmu da masu zane, ƙofa a buɗe take. African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu ta fara a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, duk suna karɓar labaran yara da Hausa, kuma kowa zai iya saukewa ya buga kyauta. Shafi goma sha biyu sun isa.

Kafin a kai ga haka, uwa mai waya tana iya yin nata, wanda zai fi na kanti aiki. Ta ɗauki hoton fo ɗin yaron, da butarsa, da ƙofar bayinsu, da sabulu, da shi kansa cikin tufafinsa yana wanke hannu, ta wanke hotunan ta manna a littafin rubutu bi da bi. Hotuna ne na gaske, na kayansa, shi ne kuma jarumin labarin. Kada dai a ɗauki yaro a tuɓe, kada kuma a tura wa kowa.

Sati uku ƙanwata ta yi a gida. Tun kwana na biyu Hajiya ta cire wa yaron famfas da rana, ta aika aka sayo fo na roba a kasuwa da 'yar ƙaramar buta, ta haɗa shi da jikokinta biyu da suka girme shi. Ya jiƙa tabarma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ita kuwa sai ta ce, "Ba komai, Maigida, gobe ma rana ce." Littafin bai koma jaka ba, don yaron ya ƙi rabuwa da shi. Kullum bayan la'asar sai ya kawo mata. Hajiya ba ta karanta Turanci, saboda haka hotunan take bi da nata labarin. Ta raɗa wa yaron littafin suna Audu. Da suka zo shafin da yake jan tishu, sai ta ce Audu ya manta butarsa ne yau, ta tambayi jikan nata ina tasa. Ya sauka daga cinyarta da gudu, ya dawo da ita riƙe da hannu biyu.